Daga Kuɗin Fartanya Zuwa Kason Abuja: Tarihin Haraji a Birnin Zazzau

Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, fastoci kan cika katangu daga Ƙofar Doka har Babban Dodo. Masu neman shugabancin ƙaramar hukuma da kansila su yi ta alkawarin magudanar ruwa da kwashe bola da gyaran firamare. Da wuya a ji wanda ya faɗi inda kuɗin za su fito, balle ya ambaci harajin gidaje. Wannan shirun yana da tarihi.

Tun kafin zuwan Turawa Zazzagawa sun san biyan kuɗin sarki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa a ƙasar Zazzau a kan fartanya ake ɗora haraji, wuri 500 kowace ɗaya. Marina suna biyan kuɗin karofi, makiyaya suna biyan jangali, ga zakkar hatsi. Masu sarauta suna zaune a birni, jakadunsu ne ke shiga ƙauyuka su tattaro, kuma wani kaso na abin da aka tara yakan tafi Sakkwato a matsayin gaisuwa.

Turawa sun kama Zariya a 1902, suka tuɓe Sarki Kwasau, suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Dokar haraji ta 1906 ta dunƙule yawancin kuɗaɗen nan wuri guda, aka tura hakimai su koma zama a gundumominsu, daga baya aka buɗe baitulmali. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki kasonta, sauran ya zama na En'e, kuma da shi ake biyan sarki da alƙalai da 'yan doka, ake riƙe gidan yari da makarantun elemantare.

A wajen talaka abin ya fi haka ɗaci. Bayan kaka mai unguwa zai bi gida-gida da sunayen baligai, mutum ya kai audugarsa kasuwa ya sayar ko da farashi ya faɗi, domin sulalla ake karɓa, ba dami ba. Wanda ya biya sai ya naɗe takardar harajinsa ya soke ta a hula ko a aljihun 'yar ciki, don ɗan doka na iya tare shi a bakin kasuwa. Wanda ya kasa kuwa akan shanya shi a rana a ƙofar hakimi. Da yawa saboda kuɗin haraji suka tafi cin rani.

Wannan zafin ne jam'iyyar NEPU ta riƙe tun kafa ta a 1950, kuma PRP ta gaje shi. Da Balarabe Musa ya zama gwamnan Kaduna a Oktoban 1979, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Daidai suka yi, domin harajin da aka riƙa karɓa da wulaƙanci bai cancanci ya ɗore ba. Sai dai tun sauye-sauyen 1976 ƙananan hukumomi suka mai da fuskarsu ga kason tarayya, kuɗin man fetur, kuma shugaban da ba daga aljihun 'yan Kwarbai ko Anguwan Juma yake samun albashinsa ba, ba lallai ya ji kukansu ba.

A takarda hurumin ƙaramar hukuma kan haraji yana nan. Tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin kula da kasuwanni da tashoshin mota, da ƙiyasta gidaje don harajinsu, majalisar jiha ta tsayar da adadi. A Kaduna, dokar 2016 ta miƙa tattara haraji ga hukumar haraji ta jiha, KADIRS. A cikin ganuwa kuma akwai wata matsalar: gidajen gado ne da dama, zaure ɗaya da sassa barkatai, magada da yawa, babu takardar mallaka. Wa za a rubuta wa?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo zauren mai unguwa neman ƙuri'a, mutanen birni su tambaye shi nawa Zariya ke samu a wata, nawa ake tarawa a kasuwa, kuma mene ne matsayinsa kan harajin gidaje.