Kayan Aikin Gyaran Bishiya da Saita Injin Mota: Jagora ga Masu Lambu a Birnin Kudu da Gwaram

Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama, shi ya sa a Birnin Kudu da Gwaram ake ganin lambunan mangwaro da gwaiba da kashu, ga ɗorawa da tsamiya da kaɗanya a cikin gonaki. Masu yi wa itatuwan nan aski da kwashe rassa suna dogara da abu biyu: kayan yanka da motar ɗaukar kaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuskure a kan ɗaya daga cikinsu yana iya cinye ribar shekara. Ƙa'idar ita ce a sayi kaya daidai da aiki, a kuma saita inji yadda kamfaninsa ya tsara.

Me za a fara saya?

Yawancin aikin lambu na ƙananan rassa ne, don haka a fara da na hannu:

- Almakashin yankan reshe, don rassan da ba su wuce kaurin yatsa ba.
- Zarto mai lanƙwasa, da irin wanda ake ɗaurawa a kan doguwar sanda don a yi yanka daga ƙasa.
- Tsani mai ƙwari da igiya.
- Hular kwano, safar hannu, tabarau da takalmi mai rufe ƙafa.

Adda da gatari suna da amfaninsu wajen sassabe, amma a jikin mangwaro mai aure suna tsaga reshe, ruwa ya kwanta a wurin, ruɓa ta shiga. Babban reshe ana yanka shi sau uku: a ɗan yanka ta ƙasa, a sare ta sama gaba kaɗan, sannan a gyara kututturen da ya rage. Hakan ke hana ɓawo yagewa. Lokacin askin mangwaro shi ne bayan an gama tsinke 'ya'ya.

Injin yankan itace

Babban injin da masu tsaga katako ke amfani da shi, irin Stihl 070, ya yi wa aikin lambu nauyi. Matsakaici mai tsawon baki inci 16 zuwa 18 ya isa. Jabu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka a duba lambar inji, a karɓi rasit, a kuma tambaya ko ana samun sarƙa da filogi da kafiretonsa a kusa. Injin da sai an je Kano neman kayansa, ko kuma babu su gaba ɗaya, arharsa ta banza ce.

Injinan nan fetur gauraye da man 2T suke sha. Stihl da Husqvarna sun ba da ma'aunin 50 da 1, wato mililita 100 na man a cikin lita 5 ta fetur. Wasu ƙananan kamfanoni suna buƙatar man ya fi haka, don haka a bi takardar injin. Kada a zuba tsohon baƙin man mota a sarƙa. A riƙa wasa haƙoranta da magagari: in ka ga tana fitar da gari maimakon ɓarɓashi, ta dakushe. Kada a yi yanka da tsinin baki, daga nan ne inji ke zaburowa ya dawo kan mai riƙe da shi. Idan reshe na kusa da wayar lantarki, a sanar da KEDCO kafin a taɓa. Sare bishiya gaba ɗayanta kuwa, a fara neman izini wurin jami'an gandun daji.

Zaɓen mota

Akori-kura ta isa kwasar rassa da kwandunan mangwaro zuwa kasuwar Sara ko cikin garin Birnin Kudu. Mai kai kaya 'Yan Lemo a Kano shi ke buƙatar Canter ko Dyna. Kafin biyan kuɗi, a je da bakaniken da aka yarda da shi, a tayar da motar da safe injin na sanyi, a duba ƙarƙashinta ko an yi wa shasi walda, a gwada ta da kaya a kan tudu. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce babbar cibiyar kayan gyara. Motar da kayanta ba su da yawa a can, a haƙura da ita.

Saita inji

Direbobi kan ce wa bakanike, "Ƙara mata wuta." Abin da ake yi shi ne a buɗe famfon dizal ya riƙa ba da mai fiye da ƙima. Motar za ta ɗan ƙara ja, amma za ta sha mai, ta yi zafi, injin ya tsufa da wuri. Saiti na gaskiya ya ƙunshi:

1. Matatar iska. Ƙurar hunturu da hanyoyin burji na toshe ta da wuri, kuma toshewarta ce ke fara rage wa mota ƙarfi.
2. Matatar mai, tare da tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasanta. Man 'yan bumburutu yakan zo da ruwa ko datti, ya lalata nozul.
3. Gwada nozul da famfo a kan injin gwaji, ba da kunne ba.
4. Daidaita bawul da taimin bisa ma'aunin kamfani.
5. A motar fetur, filogi da kafireto ko injekta.
6. Lagireto da bel ɗin fanka. Cire tamostat, kamar yadda aka saba, ba ya maganin zafi. Ɓoye matsalar yake yi, ya ƙara shan mai.

Hayaƙi ma yana faɗin ciwon inji. Baƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai. Fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi yana nuna ruwa na shiga, ko taimin ya goce.

A tuna ɗanyen itace ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba. Ƙara wa mota sifirin ba ya ƙara mata birki.

Ga ƙungiyoyi

Injin yanka da mota sun fi ƙarfin mai lambu ɗaya, amma ba su fi ƙarfin ƙungiya ba. A damƙa kowane inji a hannun mutum ɗaya da aka horar, a buɗe littafin da za a rubuta mai da sabis da kuɗin haya, a kuma ware kason gyara daga kowane aiki kafin rabon riba. Ƙungiya mai rajista za ta iya neman shawarar malaman gona na JARDA, ta kuma tambayi sharuɗɗan rance a Bankin Manoma. In aikin mota bai wuce lokacin mangwaro ba, haya ta fi saye.