Daga Korau Zuwa Facebook: Tarihin Laƙabi a Birnin Katsina

A wannan makon za mu waiwayi tarihin abin da kowannenmu ya liƙa a saman rubutunsa, wato sunan da yake amsawa a intanet. Da yawanmu muna ɗauka sunan alƙalami baƙo ne da ya shigo tare da 2go da Facebook, alhali tarihin birnin Katsina ya nuna al'adar ta girme su da ɗaruruwan shekaru.

Dama can Bahaushe mai suna biyu ne. Akwai sunan yanka da ake raɗawa ranar bakwai, akwai kuma laƙabin da ake kiran mutum da shi kullum. Kunya tana cikin abin da ya haifar da na biyun, domin uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, haka ma yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiransa gatsau. Sai a dubi yadda ya zo duniya: Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Marka ta zo tsakiyar damina, Ɗanjuma ya zo ranar Juma'a. Kowane laƙabi guntun labari ne.

A Katsina laƙabi ya sha rinjayar sunan yanka. Sarki Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne Musulmi na farko a gadon sarautar garin, ruwayar baka ta ce ya kayar da Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, ya karɓe mulki, kuma masu ba da tarihi suna danganta sunansa da wannan kora. Har gobe Gidan Korau ake kiran fadar sarki. A ƙarni na 17 an yi Wali Ɗan Marina, malami kuma mawallafi, wanda a rubuce-rubucen Larabci aka san shi da Ibnus Sabbag, wato ɗan marini. Sana'ar gidansu ce ta bi shi cikin harsuna biyu. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, sunansa ya yi nisa har ya zama sarauta a Kano, wadda Alhaji Maitama Sule ya riƙe. Ummarun Dallaje kuwa, da ya karɓo tutar jihadi, sunan garinsu aka jingina masa, zuriyarsa suka zama Dallazawa. Shi ma Dikko suna ne da Fulani ke ba ɗan fari namiji, amma saboda Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, yau garin kansa ake yi wa kirari da "ta Dikko".

Zuwan boko ya ƙara wani salo. Rajistar makaranta tana buƙatar abin da zai bambanta wannan Abubakar da wancan, sai ɗalibai da malamai suka riƙa ɗaukar sunan garinsu. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yaye irinsu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita, kuma Malam Bello Kagara ya koyar a cikinta. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933, Bello Kagara ya shigar da Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa ya shigar da Shaihu Umar, ƙanen Bello kuma, Abubakar Imam, ya rubuta Ruwan Bagaja yana koyarwa a Midil ta Katsina. Unguwa ma tana ba da suna: 'Yar'aduwa unguwa ce a cikin birni kafin ta zama sunan gidan da ya fitar da shugaban ƙasa a 2007.

Marubutan adabin kasuwar Kano sun bi wannan sawu. Ado Ahmad ya amsa Gidan Dabino, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma masu karatu suka san ta da Anti Bilki. Mu ma in muka duba da kyau, "Maman wane", "Ummu wance" da "'Yar mutan gari kaza" da suka cika Wattpad da WhatsApp tsohuwar alkunya ce da tsohon jingina kai ga gari.

Abin da ya canza shi ne, a da jama'a ke raɗa wa mutum laƙabi bayan sun ga aikinsa ko asalinsa, yau kuwa mu ke raɗa wa kanmu cikin minti ɗaya, mu canza shi a minti na biyu. A nan hatsarin yake ga marubuci. Littafi yana yawo daga waya zuwa waya, wani ya goge sunan mai shi ya sa nasa. Wanda ya yi littafi uku da suna uku, da me zai kafa hujja? Mai shirya fim ko maɗaba'ar da ta ga labarin ta so shi, wa za ta nema?

Sunayen da muka lissafa sun daɗe ne domin kowanne yana nuna wani abu na gaskiya game da mai shi: sana'a, gari, gida ko aiki. Don haka kafin mu zaɓi suna, mu tambayi kanmu ko za mu iya bayyana ma'anarsa a gaban iyayenmu, kuma ko za mu so a buga shi a bangon littafi bayan shekara 20. In mun same shi, mu riƙe shi a kowane dandali, mu rubuta sunan yanka a gefensa a shafin farko na kowane aiki.