Dutsen Dala: Amanar Da Ke Wuyan Marubuta

Duk mutumin Kanya Babba da ya taɓa shiga birnin Kano ya san Dala, ko da daga nesa ya hango shi. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar abin da ya faru a kansa?

Masu binciken kayan tarihi sun tono shaidar cewa tun wajen ƙarni na 7 ake narkar da tama a gindin wannan dutse. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna a nan Barbushe ya zauna yana jagorancin bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda a 999. Sarki Tsamiya, wanda ya hau mulki a 1307, shi ya fasa wurin tsafin. A zamanin Sarki Yaji kuma, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka iso daga Mali, Musulunci ya sami gindin zama a fada. Ke nan Dala ya ga ƙira, ya ga sarauta, ya ga sauyin addini.

To, mu leƙa ƙasar Sin. Can akwai Dutsen Emei, mai tsawon mita 3,099, cike da ɗakunan ibada na addinin Buda da rumfunan hutawa. Tun ƙarni na 8 mawaƙinsu Li Bai ya waƙe watan da ke haska shi, na baya suka bi sahu. Alƙalami ya sa dutsen ya shiga zukatan mutane, suka kula da shi, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996. Dala kuwa, tare da ganuwar Kano, sai a 2007 aka miƙa sunansa cikin jerin masu jiran tantancewa, ga gidaje sun yi masa zobe, ga zaizaya tana cin sa.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da dutsen tsafi? Ai rubuta tarihi ba bauta ba ne. Wanda bai san Barbushe ba, ba zai gane girman aikin Wangarawa ba.

Saboda haka 'yan'uwa marubuta, mu hau Dala mu gani da idonmu. Mu dawo mu zauna da dattawan Kazaure da Roni, mu ji labarin duwatsunsu tun suna raye. Allah ya sa mu sauke wannan nauyi, amin.