Hoto Ɗaya Ba Ya Isa: Bibiyar Cutar Moyamoya a Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa

Moyamoya cuta ce da take tsuke ƙarshen manyan jijiyoyin nan biyu masu hawa da jini ta wuya zuwa ƙwaƙwalwa, sannu a hankali har su toshe. Yayin da hanya take ƙanƙancewa, sai wasu siraran jijiyoyi su yaɗu a gindin ƙwaƙwalwa don ratsawa da jinin, kuma a hoto sukan fito dishi-dishi kamar hayaƙi. Takeuchi da Shimizu ne suka fara bayyana cutar a Japan a 1957. A 1969 Jiro Suzuki da Akira Takaku suka raɗa mata suna, suka kuma kasa tafiyarta mataki shida, daga farkon tsukewa zuwa ɓacewar siraran jijiyoyin baki ɗaya. Cuta mai tafiya irin wannan ba a yanke mata hukunci da hoto guda. A ganina, maimaita hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a kan kari sashe ne na jinya, ko da majinyaci yana jin garau.

Game da yara babu gardama, domin cutar takan yi musu sauri, musamman ƙanana. Manya ne aka daɗe ana zaton tasu ta tsaya cak. Binciken da Satoshi Kuroda da abokan aikinsa na Jami'ar Hokkaido suka wallafa a 2005 ya rushe wannan zato: kusan ɗaya cikin huɗu na manyan da suka bibiya, cutar ta ci gaba a jikinsu, har da waɗanda ba su taɓa nuna wata alama ba, da waɗanda ɓangare ɗaya kawai ta kama da farko. Wanda ya ce a jira alama kafin a sake hoto, ya yarda ke nan alamar farko ta zama shanyewar ɓarin jiki.

To, wane hoton? Wanda ya fi fito da komai dalla-dalla shi ne na zura siririn bututu cikin jijiya a fesa rini, amma yana da nasa haɗari, don haka an fi ajiye shi ga tabbatar da cutar da shirin tiyata. Bibiyar yau da kullum ta MRI ce da MRA, sau da yawa bayan wata shida zuwa shekara. Sai dai siffar jijiya kaɗai takan yaudari mai dubawa. A matakan ƙarshe na Suzuki siraran jijiyoyin sukan ragu, kuma wannan ba warkewa ba ce. Matakin ma ba kullum yake dacewa da tsananin ciwon ba. Abin tambaya shi ne yawan jinin da yake isa naman ƙwaƙwalwa, da ko saura akwai rarar da jijiyoyi za su buɗe idan buƙata ta taso. Ana auna wannan da hoton SPECT bayan an ba da maganin acetazolamide, ko da MRI mai auna gudun jini. Ga manya kuma akwai fargabar fashewar siraran jijiyoyin. Gwajin da aka yi wa mutum 80 a Japan, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna tiyatar haɗa jijiyar fatar kai da ta ƙwaƙwalwa tana rage maimaituwar zubar jini. Bayan tiyata ma hoto ne zai faɗi ko sabuwar hanyar ta kama.

Akwai abin lura ga masu ɗaukar hoton yara: kuka mai tsanani da saurin numfashi suna ƙara tsuke jijiyoyin, har su jawo raunin hannu ko ƙafa. Rarrashi, da isasshen ruwa a jiki, da taka-tsantsan wajen maganin barci, duk suna cikin aikin.

Kada a ɗauka wannan matsalar Japan da Koriya ce kaɗai, inda ake danganta ta da ƙwayar gado ta RNF213. Ciwon sikila yana haddasa irin wannan tsukewar, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya haihuwar masu sikila. Wani bincike a Amurka a 2002 ya gano cewa yara masu sikila da suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, idan suna da jijiyoyin moyamoya, haɗarin maimaituwa ya ninka fiye da sau biyu, duk da ƙarin jini da ake yi musu. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala sun yi aikin a-zo-a-gani wajen auna gudun jinin kan yara masu sikila da na'urar Dofla da ba su maganin hydroxyurea. Amma Dofla tana da iyaka: jijiyar da ta kusa toshewa takan nuna gudu ya ragu, a zaci sauƙi ne.

Saboda haka ina kira ga asibitocin koyarwa da gwamnatocin jihohi su sanya hoton MRA cikin jinyar duk yaro mai sikila da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, a rage wa iyaye kuɗinsa, a adana tsohon hoton don kwatantawa, a kuma rubuta musu ranar dawowa kafin su bar asibiti.