Lebura Ba Zagi Ba Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yaran kwangilar yanzu, da suka mayar da kalmar lebura abin gori. Mu da muka tsufa a kan hanyar Kano zuwa Gwarzo har Dayi, da wannan suna muka ci abinci, muka aurar da 'ya'ya.

Kalmomin sana'armu yawanci daga bakin Bature suka zo: lebura, heluma, diga, shebur, baro, kwalbati. Amma helumanmu, wani dattijo mutumin Getso, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a cakuɗa su da namu na gida. Gayya taimako ce, ladanta fura da godiya. Jinga ciniki ce, ka gama ka karɓa. Ƙwadago na yini ne. Lebura kuwa mai suna ne a littafin akawu, yana da yankinsa na hanya, kuma in ruwa ya ci wurin, shi za a tambaya.

Wannan rabon yanki shi ne abin da ya ɓace. A da, kafin damina ta faɗi kowa ya yashe lambatunsa, ya tara marmara a gefe. In aka kwana ana ruwa, da asuba dattijon zai hau kekensa ya bi hanya, yana soka sanda a bakin kowace kwalbati. Inda sandar ta nutse, ba ya faɗa. Sai ya karɓi shebur ɗinka ya fara haƙa a gabanka, kunya ta ishe ka.

Shi kansa ɗiban gwamna ne ya fara kai shi haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila. Ya ga aikin tilas da idonsa, shi ya sa bai taɓa zaftare wa mutum kwabo ba. Ranar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, suka iso, bayan an koma naira a 1973, sai da ya tsaya kan akawu har aka biya na ƙarshe a layi.

Yau an ba da komai kwangila. A shimfiɗa kwalta, a ɗauki hoto, a watse. Rami ya buɗe wajen Kabo, babu mai shi. Mahukunta, ku dawo da mutum ɗaya mai albashi a kowane yanki, ku kira shi duk sunan da kuka ga dama.