Jirgin Ƙarƙashin Teku da Ya Yi Karo da Dutse, Ya Kuma Dawo Gida

Ka taɓa tambayar kanka yadda jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku yake ganin gabansa? To, ba ya gani. Ba shi da taga ko ɗaya. Kunne yake kasawa da na'urar sona, sannan ya dogara da taswira. Yana iya aika sauti ya jira amsa-kuwwa, amma yin haka tamkar shelanta wa abokan gaba inda yake ne.

Wannan shirun ne ya kusa halaka USS San Francisco, jirgin Amurka mai aiki da nukiliya, mai tsawon kusan mita 110. A Newport News ta jihar Virginia aka ƙera shi, aka saka shi a ruwa a 1979, ya fara aiki a 1981.

Ranar 8 ga Janairu, 2005, yana sheƙa gudu a zurfin kusan mita 160, kudu maso gabas da tsibirin Guam, sai ya gwabza karo da wani dutse a cikin teku. Dutse dai ba ya ƙara, balle a ji shi, kuma ba ya cikin taswirar da suke bi. Mutum 98 suka jikkata, ɗaya ya rasu. Goshin jirgin ya ragargaje, tankunan gaba suka fashe.

Me ya hana shi nutsewa? Sai mun koma 10 ga Afrilu, 1963, ranar da USS Thresher ya nutse da mutum 129. Bayan wannan asarar aka kafa tsarin SUBSAFE: duk walda, duk bututun da ruwan teku ke bi, sai an gwada an rubuta. Saboda haka ainihin gangar jikin San Francisco ba ta tsage ba, injin nukiliyar bai lalace ba. Matuƙan suka tura iska mai ƙarfi cikin tankuna, ta kori ruwa, jirgin ya taso, ya lallaɓa zuwa Guam.

Gyaran ma abin mamaki ne. An yanko goshin USS Honolulu, wanda za a yi wa ritaya, aka haɗa masa, ya koma aiki a 2009. Daga baya aka mai da shi wurin horar da matuƙa a Charleston. Masu walda da masu duba takardu, waɗanda ba su taɓa sanin wannan dutsen ba, su ne suka ceci mutanen da ke cikinsa.