Yadda Bidiyo Ya Shiga Bayan Rubutu

Mai karatu, a watan Disamba 2012 jaridar New York Times ta Amurka ta saki labarin "Snow Fall" na John Branch, kan ƙanƙarar da ta zaftaro daga dutse ta hallaka mutum 3. Kana buɗe shafin sai ka ga iska na kwasar ƙanƙara a bayan rubutun, tun ba ka fara karatu ba sanyi ya kama ka. A 2013 ya ci kyautar Pulitzer, jaridar Guardian ta biyo sahu da "Firestorm", labarin gobarar dajin Tasmaniya. Daga nan kowa ya kwaikwaya, har inda ba a buƙata. Shafuka suka yi nauyi, mai ƙaramar waya datarsa ta ƙare bai ga ƙarshen labari ba.